Man shanu a wuyan goɗiyoyi

Dokta Nurzada ta sauko daga mota a makiyayar Baba Toktosun da ke tsaunukan Naryn, ta ga wuyan kowace goɗiya yana ƙyalli.

Shekara uku tana haɗa allurar rigakafin cutar da ke sa goɗiyoyi ɓari. Lokacin sanyi ta gwada ta a kan goɗiyoyi arba'in na tsohon: ashirin daga kwalba mai shuɗin murfi, ashirin ruwan gishiri daga mai ja. Ta zana wa kowace lamba a wuya da fenti. Yau ranar fara tatsa ce, ranar da ake shafe dawaki da man shanu don albarka, kuma Burul, matar tsohon, ba ta san ƙyashi ba. Mai ya cinye lambobin kaf. Littafin Nurzada ya zama takardar banza, laifinta ne kuma, don wanda ya shiga garken mutane bai tambayi al'adarsu ba, ya yi wauta.

"Baba, kun kashe ni!"

Shi kuwa rawa yake, hularsa a karkace. "Duƙusai talatin, 'yata! Bara goma sha biyu! Sha nono!"

"Wa aka yi wa wace allura? Ta yaya zan sani?"

Ya tsaya cak. "Au, da fenti kike gane su? Kai, boko! Waccan Mai Tabo, shuɗi. Ƙanwarta da ta cije ki, ja, kuma ta yi daidai."

"Cizon ko allurar?"

"Cizon."

Nurzada ba ta yarda da lissafin ka ba, ta kuwa yi gaskiya. Ta rubuta lissafinsa na duka arba'in, ta tura shi bayan tanti, ta sa Burul ta lissafa nata daban.

"Kada ki ba ni kunya, tsohuwa!" ya ƙwala daga can.

"Rufe baki, kai da ka manta ranar aurenmu!"

Arba'in suka zo ɗaya, ko ɗaya ba ta kauce ba. Cikin masu shuɗi, goma sha tara da duƙusai a gindinsu. Cikin masu ja, tara sun yi ɓari.

Nurzada ta sake ƙirgawa, ta yi ihu, ta rungume goɗiyar da ta cije ta. Burul ta dumbuzo man shanu ta lafta mata a goshi, har ya sauko kan tabarau.

"Baɗi a kunne zan sa lambar," in ji Nurzada, tana dariya tana gogewa.

"Sa," in ji Burul. "Kunnen ma shafawa muke."