Ƙwallon da Na Faɗa wa Saliha

Tun da ƙyanda ta taɓa idon 'yata Saliha tana shekara huɗu, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Yanzu shekararta bakwai. Babanta, Iliyasu, direban motar tumatir ne daga Kadawa zuwa kudu, sai ya yi wata bai kwana a Bunkure ba. Ba mai yawan magana ba ne a waya, sai dai ranar Lahadi, in kulob ɗinsa ya buga wasa. Ana tashi zai kira, su yi ta hira da Saliha, wa ya yi ƙoƙari, wa ya kamata a sallama. Wannan kiran take jira duk mako.

Da kunne take kallo, mai sharhin talabijin ne idonta. Mai sharhin da ake da shi a da ya iya, yana faɗin inda ƙwallo take da wanda ke riƙe da ita. Sai aka canza shi.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, muka zauna mu biyu a ɗaki. Sabon ya fara: "Gaisuwa ga Alhaji Dattijo mai taki da iyalansa, ga matasan bakin gada..."

"Umma, ina ƙwallon?"

"Yana zuwa, bari ya gama gaishe-gaishen."

Bai gama ba. Ya gaida masu shayi, ya gaida surukinsa. Na ga ta fara murza gefen hijabinta. Ban san ƙwallo ba, amma na ajiye tsintar shinkafar da nake yi, na kamo hannunta.

"Tafin nan shi ne fili. Namu suna kai hari wajen 'yan yatsunki."

Hoton daga nesa aka ɗauko, ga yayyafi a allon, 'yan wasan kamar tururuwa. Farar ƙwallon kawai nake bi, ina jan yatsana a tafinta. Har dariya ta yi, ta ce ina yi mata cakulkuli.

Bayan hutun rabin lokaci ƙwallo ta tafi ɓangaren 'yan yatsu. Mai sharhi ya ƙwala ihu, "Ta shiga!" Bai ce ragar wa ba, ya koma gaida wani kansila.

"Mun ci!" na ce. Ta yi ta tsalle a kan tabarma.

Ana tashi waya ta yi ƙara. Ta karɓe ta da hannu biyu.

"Abba, mun ci ɗaya!"

"Ke, wa ya ci? Mu aka ci. Ashe ba ki saurara ba."

"Na saurara, Abba."

"To shi ke nan. Ana lodi, ki gaida Ummanki."

Sai daga baya maƙwabciyarmu Asta ta gaya mini ana musayar gida bayan hutu, ashe ragarmu ce ta koma wajen 'yan yatsun. Ban taɓa sani ba.

Saliha ba ta yi kuka ba. Ta koma bakin ƙofa ta zauna, ta ƙi cin tuwo.

"Umma, ki gaya masa ke ce, ba ni ba. Kar ya daina kira."

Na kira sau uku, ba a ɗauka ba. Na danna na yi saƙon murya, tana tsaye a jikina tana jin kowace kalma.

"Baban Saliha, laifina ne. Ta saurara tun daga farko har ƙarshe. Don Allah ka kira ta."

Yau Laraba, bai buɗe ba tukuna. Ɗazu ma ta sa na sake dubawa.