Zufar Baba Fuseini

"Wa ya shanya wannan a nan?"

Mma Zenabu ce, mai gidan da muke haya a unguwar Nima ta birnin Ankara, tsaye a tsakar gida da sanda a hannu. Kowa ya san amsar, ita ma ta sani. Ta sa bakin sandar ta ɗago zanen daga kan igiya ta wurga shi gefen kwata. Ta bi shi da riga, da wando, da tsumman buhun fulawa guda biyu.

Ina tsugune ina kankare tukunyar koko, ban ɗago kai ba.

Baba Fuseini ya fito daga ɗakinsa yana dafa bango. Taku shida ne tsakanin ƙofarsa da igiyar, amma sai da ya tsaya sau biyu.

"Mma, nawa ne," in ji shi. "Wankakke ne."

"Na faɗa maka igiyan nan na yara ne. Ciwonka kar ya kama mutane. Mutum yana jiƙe kowane dare haka, ba tarin fuka ba ne? Ni ban so wahala koraa, ko kaɗan."

"Ba na tari, Mma. Kin taɓa jin na yi tari?"

"Alima!" Ta juyo kaina. Ita Hausar Zango take yi, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. "Kai ne kake shiga ɗakinsa. Faɗa gaskiya, ba tari ba ne?"

Na san gaskiyar. Ni na raka shi asibiti watanni biyu kafin nan, ina zaune aka ɗauki hoton ƙirjinsa, kuma da kunnena na ji wata ma'aikaciya tana fassara maganar likita: huhunsa lafiya lau, ciwon a ƙashin baya yake, zufar kuwa ciwon ne ke kawo ta, ba ta kama kowa. Amma matan gidan duk sun fito sun tsaya, kuma uku daga cikinsu kullum a wurina suke sayen koko.

Na ce, "Mma, ni ba likita ba ce."

Baba Fuseini ya dube ni, ba da fushi ba. Ya sunkuya a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ya tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya.

Shi mutumin Savelugu ne, can arewacin ƙasar. Tun yana saurayi ya gangaro Ankara, ya shekara ashirin da wani abu yana dakon buhunan koko, irin wanda ake yin cakulan da shi, a bakin teku, daga sito zuwa kwalekwalen da ke kai kaya ga manyan jirage. A shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin ƙasar, jerin buhuna ya zame ya danne shi. Ya tashi da ƙafarsa, amma bayansa bai ƙara zama nasa ba. Matarsa ta riga ta rasu, ba su sami haihuwa ba. 'Yan garinsu da ke unguwar Maamobi su suke kawo masa abinci da abin biyan ɗaki.

Ni kuwa akwai abin da ke tsakanina da shi. Ranar da naƙudar ɗana na fari ta kama ni, ruwa ya cika babbar kwatar Nima har ya shafe katakon da ake bi a haye. Mijina Tajudeen direba ne, yana Kumasi da mota. Baba Fuseini, lokacin yana da ƙarfinsa, ya ce wa mata su ɗaura ni a bayansa da zane. Ya shiga ruwan har ƙirji, ya haye da ni zuwa titi. Yana tafe yana cewa, "Riƙe wuyana, ɗiyata. Ba ki kai rabin buhu ba."

Saboda haka da ciwo ya kwantar da shi, ban jira an ce mini ba. Kullum in na dawo daga tallan koko sai in ɗebo masa bokiti ɗaya a famfon layi, in kwashe kayan da ya jiƙa in wanke.

Zufar ba irin ta zafin gari ba ce. Ko a watan da sanyin teku ke kaɗawa mutane suna lulluɓa, shi sai ciwon ya taso masa daga ƙugu ya hau har wuya, ruwa ya ɓalle masa kamar an juye masa tulu. In ta tsaya kuma sai sanyi ya kama shi, haƙoransa suna haɗuwa. Ya ce mini wani daren sau uku yake canza kaya.

Ya koyi zama da ita, don mutum ne mai tsari. Ya daina kwana kan katifar ciyawa ya koma tabarma. Ya sa na warware masa buhunan fulawa na wanke su har suka yi laushi, yana shimfiɗa ɗaya, biyu suna ninke a gefen kansa. Da ƙwaryar ruwa, da mafici, da ɗan gishiri a takarda wanda yake lasa in jiri ya ɗebe shi. Ya bar barkono, shi da ba ya cin tuwo sai miya ta sa shi hawaye. Da la'asar nakan dafa masa ganyen darbejiya ya yi wanka. Ƙwayar da aka ba shi a asibiti tana rage ciwon, amma ya ce in ya sha ta zufar ƙaruwa take.

"To wanne za ka zaɓa, Baba?" na taɓa tambayarsa.

"Yau ciwo, gobe zufa," ya ce yana dariya. "Kowa da ranar girkinsa."

Abin da ya fi damunsa ba ciwon ba ne. Wari ne. Mutum ne mai tsabta, ko lokacin da yake dako ba ya shiga masallaci sai ya yi wanka ya sa turare. Wata Juma'a ya lallaɓa ya je, ciwon ya taso masa ana cikin huɗuba, rigarsa ta manne a jiki. Wanda ke damansa ya matsa, na hagu ma ya matsa. Aka tayar da salla akwai gurbin mutum a kowane gefensa. Bai ƙara komawa ba.

Bayan rikicin igiya, magana ta fita daga gidanmu ta shiga layi. Washegari ina bakin titi da tukunyata, wata mai sayar da kifi da ta shekara biyar tana saye a wurina ta zo ta tsaya, ba ta miƙo kwano ba.

"Sun ce kai ne kake wanke kayan mai tari."

"Ba tari yake ba."

"Yoo," ta ce, wato to, ta wuce wurin mai kokon da ke gaba.

Ranar na dawo da rabin tukunya. Kwana uku a jere haka. Koko ba ya kwana, sai dai in zubar ko in ba awakin maƙwabta. Yarana uku, Tajudeen kuma sai ya yi mako biyu bai shigo gari ba.

A rana ta huɗu na je ƙofar Baba Fuseini na tsaya daga waje.

"Baba, sabulun nan yana cin hannuna. Zan ɗan huta da wankin."

Ya dubi hannuwana. Babu abin da ya same su.

"Allah ya ba ki lafiya, ɗiyata," ya ce. "Kin yi ƙoƙari. Ki huta."

Ruwan ban daina kawowa ba, amma sai na riƙa ajiye bokitin a bakin ƙofa da sassafe kafin mutane su fito, in ƙwanƙwasa in wuce. Cinikina ya dawo cikin mako guda.

Ya koma yin wankinsa da kansa, a zaune, riga ɗaya a rana, don ba ya iya sunkuyawa. Ba ya iya matsewa sosai. Ya ɗaura igiya a cikin ɗaki daga ƙusa zuwa taga, a nan yake shanya. Sai damina ta sauka, irin ta watan shida da rana kan yi kwana huɗu ba ta leƙo ba. Ɗakin ba ya bushewa, kayan ba sa bushewa. Ya cire jiƙaƙƙe ya sa mai danshi. Bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin motsinsa, ina jin yana kiran sunan Allah ƙasa-ƙasa don kada ya tashi kowa.

Da Tajudeen ya dawo ya shiga gaishe shi, ya fito ransa a ɓace.

"Alima, yaushe rabonki da shiga ɗakin nan?"

"An ɗan jima."

"Bayansa duk ya saɓule. Fata ta jiƙa har ta fashe. Ke ba ki gani ba?"

Na gaya masa zancen ciniki. Shi ma ya san da kokon nan muke ci in mota ta lalace a hanya. Ya je ya sayo hoda da man shafawa, ya shafa wa tsohon da hannunsa. Bayan kwana biyu ya koma Kumasi, amma ya yi masa alkawari zai dawo ranar Alhamis, ya ɗauke shi a mota ya kai shi Juma'a, su tsaya kafaɗa da kafaɗa.

Ranar Laraba da hantsi na ji ya kira ni. Rabon da ya kira sunana tun ranar sabulu.

Na shiga. Ya rame har na ga ƙasusuwan kafaɗar da ta taɓa ɗaukata. Yana zaune ya jingina da bango, da farar riga a ninke a cinyarsa, ta yi ɗigo-ɗigon baƙi saboda danshi.

"Ɗiyata, ba zan dame ki da sauran ba. Wannan kaɗai. Hannuna ba ya iya fitar da wannan baƙin. In kin sa mata shuɗi kaɗan, kika yi mata guga, shi ke nan. Ba na so in kunyata mijinki a cikin sahu."

"Kawo, Baba. Zan wanke."

"In hannun bai warke ba, ki bari."

"Ya warke."

Na karɓa na cusa ta cikin zanena na fito. Mma Zenabu tana tsakar gida tana tsince shinkafa, matan gidan suna kewaye da ita. Na wuce ɗakina na tura rigar ƙarƙashin gado. Na ce in sun watse zan wanke. Ba su watse ba sai da aka kira magariba. Na ce gobe in na dawo daga talla.

Ranar Alhamis aka wuni ana ruwa. Ina iya wankewa a cikin ɗaki in busar da ita da dutsen guga, gawayi ina da shi. Na yi tunanin hakan. Sai na ce wa kaina gari zai washe da safe, in wanke da wuri, kafin azahar ta bushe. Tajudeen ya iso da yamma a gajiye, ya leƙa ya ce wa tsohon ya shirya. Na ji Baba Fuseini yana ce masa, "Rigata tana wurin Alima. A shirye nake."

Da safiyar Juma'a na ajiye bokiti na ƙwanƙwasa. Yakan ce "Na gode" daga ciki. Ban ji ba. Na sake ƙwanƙwasawa, sannan na kira Tajudeen.

Muka tura ƙofar, muka sami Baba Fuseini kwance a gefensa na dama, fuskarsa ga gabas. Tajudeen ya taɓa wuyansa, ya yi salati. Ya ce mini daga baya jikinsa a bushe yake ƙayau, kuma ya riga ya canza kaya, jiƙaƙƙun suna ninke a gefe ɗaya.

'Yan garinsu suka zo daga Maamobi, aka yi masa wanka a bayan gida. Bayan an sauko daga Juma'a aka sallace shi. Tajudeen ya ce sahu ya kai bakwai, kuma an matsu sosai.

Maza suna maƙabarta, mu mata muna zaune a tsakar gida, sai Mma Zenabu ta matso kusa da ni. Idonta ya yi ja. Ita ta ba da itacen da aka dafa ruwan wankan.

"Mijinka ya ce likita ya ce ba tari ba ne. Ya ce kai kana wurin."

"Ina wurin."

"Ka ji da kunnenka?"

"Na ji."

Ta daɗe tana kallona. "Alima, ran nan na tambaye ka. Gaban kowa na tambaye ka. Da ka ce haka, ni zan bar shi. Igiya ne kawai."

Ban sani ba ko da gaske za ta bar shi ɗin, ita ma wataƙila ba ta sani ba. Amma ta tambaya, wannan gaskiya ne.

Rigar na wanke ta ranar Asabar, na sa mata shuɗi, na goge, na ba 'yan garinsu tare da sauran kayansa. Wani dattijo a cikinsu ya yi ta sa mini albarka, yana cewa marigayin kullum zancensa ɗiyarsa Alima. Na tsaya ina amsawa da amin. Tajudeen bai taɓa tambayata ranar da aka ba ni rigar ba, ni ma ban taɓa gaya masa ba.

Bayan sadakar bakwai Mma Zenabu ta ce a share ɗakin, wani maɗinki zai shigo. Na ce ni zan share. Na kwance igiyar, na buɗe taga, na naɗe tabarmar na fitar. A inda take, simintin ya yi duhu daidai tsawon mutum, ya lanƙwasa wajen gwiwa, gefensa zagaye da farin layi siriri na gishirin zufa. Na share ko'ina na bar wurin. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan rabinsa. A waje wata yarinya tana tallan burodi. Na zauna a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.