Maganin Tsatsa a Gidan Mama Lydia

A Unguwar Boro, bayan layin masu walda, akwai gidan da marigayi Ishaya ya gina tun lokacin da masaƙun Kakuri suke tashin mutane da jiniya. Masaƙun sun mutu, shi ma ya bi su, amma matarsa Mama Lydia tana nan. Shekararta tamanin da biyar, haƙoranta suna fasa ɗanyen gauta, kuma wanda ya miƙa mata hannu wajen tsallake kwata zai sha kallon da ba zai manta ba.

Bayan ɗakinta akwai ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma goma ba. A nan ta dasa zogale uku shekarar da ta binne mijinta, ta kewaye su da yakuwa da rama da gauta da alayyahu, da wata gwanda mai taurin kai da ba ta yin 'ya'ya sai ta ga dama. Kowace safiya tana can a duƙe, tana cire ciyawa tana yi wa kajin maƙwabta faɗa. Daga wannan fili gwatenta na acca yake samun ganye, daga nan kwaɗonta yake fitowa.

Ɗanta Elisha ne mai gidan yanzu. Ma'aikacin gwamnati ne, saura masa shekara biyu ya ajiye aiki, kuma tumbinsa kan shiga ɗaki ya gaida mutane kafin shi ya iso. Ba ya dawowa daga ofis sai da ƙullin tsire daga Sabon Tasha da lemon kwalba biyu. Matarsa Mercy, wadda ake kira Maman Favour, ita ce ta je wani taro a otal ta dawo da jaka mai tambari, da katan ɗin kwalaben magani na sayarwa, da sabon ilimi.

"Mama, kin ga yadda kwanon rufi yake tsatsa?" in ji Mercy, ta ajiye kwalba ɗaya a kan tabarma.

"Na ga na gidan nan. Damina huɗu ina faɗa wa mijinki."

"To haka jikin mutum yake tsatsa ta ciki. Shi ne tsufa. Wannan ƙwayar akwai antiyoksidan a cikinta, shi yake goge tsatsar. Biyu da safe, kullum. Shekara ɗari da ashirin ba komai ba ne."

Mama Lydia ba ta wahalar da harshenta da wannan doguwar kalma ba. Ta sa masa suna maganin tsatsa, ta karɓa ta yi godiya.

Da abin ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma maganin tsatsa yana son shago, shago yana son wuri, kuma lambun Mama ne ya ba titi baya. Elisha ya zo ya zauna a bakin ƙofarta, ya huta daga tafiyar tsakar gida, sannan ya faɗi hukunci. Za a sare zogalen, a zuba siminti, a fasa katanga a fitar da ƙofa. Magini zai zo ranar Litinin ɗin da ke bin bikin godiyar cikarta shekara tamanin da biyar, wato nan da wata uku.

"Ganye ai yana kasuwa, Mama," in ji shi. "Kuma zamanin cin ciyawa ya wuce. Abin da kike wahala a kai Turawa sun tace shi sun sa a ƙwaya."

Elisha ya manta wace ce ta haife shi. Shekara talatin Mama Lydia ta yi tana sayar da hatsi, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba ta taɓa karɓar buhu ba tare da ta kwance bakinsa ta tura hannu har gwiwa ba. Abin da aka rufe, a wurinta, abin da ake son ɓoyewa ne. Don haka tun safiyar farko ta murɗa ƙwayar, bawon ya rabu biyu, wani koren gari ya zubo mata a tafin hannu. Ta shinshina. Ta ɗanɗana da bakin harshe. Ta daɗe tana kallon itatuwan nan uku ta taga.

Da yamma ta tare ɗanta. "Elisha, maganin nan zogale ne."

Ya yi dariya har sai da tari ya kama shi. "Mama, abin da ya zo a jirgin sama? Hancin tsufa ne yake yi miki wasa."

Mama ta koma ɗakinta. Ta lura cewa a gidan nan maganar tsohuwa ɗaya ba ta da nauyi, sai an samo mata shaidu. Daga ranar, duk safiya takan murɗe ƙwaya biyu, ta zazzage garin a wata 'yar tasa mai murfi, ta jefa bawon a gwangwanin madara. In Mercy ta leƙo ta ce, "Mama, kin sha?" sai ta ce, "Na yi abin da ya kamata da shi, Maman Favour." Ba ta yin ƙarya, ko ta ƙwaya ce.

Mercy kuwa ta shiga yaɗa labari a unguwa. Duk wanda ya ga Mama tana ɗauko ruwa sai a ce masa aikin ƙwaya ne, kamar kafin ƙwayar a kwance take. Da bikin ya matso, ta zo da roƙo. A cocinsu al'ada ce, in dattijuwa ta yi godiyar shekaru, bayan sujada matan zumunta su rako ta gaba da waƙa, ta riƙe Littafi Mai Tsarki ta ba da shaidar yadda Ubangiji ya riƙe ta. Mercy tana so a ɗaya hannun a ga kwalba.

"Zan yi magana a kan maganinki," in ji Mama. "Kada ki damu."

Ranar Lahadi coci ya cika. A bakin ƙofa Mercy ta jera kwalabe a kan tebur, ta rataya wani babban ƙyalle mai hoton Mama tana murmushin da ba a san lokacin da aka ɗauka ba. Matan zumunta, cikin zaninsu iri ɗaya, suka buga tulu suka kaɗa caki, suka rako ta. Ta hau matakala uku na gaba ba tare da ta taɓa kowa ba. Ta gode wa Allah, ta ambaci Ishaya, ta ambaci 'ya'yanta biyu da suka riga ta. Sannan ta ce a kira mata ɗanta ya tsaya kusa da ita.

Elisha ya taso. A mataki na biyu ya dafa gwiwa, a na uku ya ciro hankici.

"Don baƙi nake faɗa," in ji Mama, "wannan ɗana ne, ba wana ba. Shi ƙwaya huɗu yake sha a rana, ya kora da tsire."

Dariya ta fara daga kujerun baya. Mama ba ta yi ba. Ta kwance bakin zaninta ta fito da tasar, ta buɗe.

"Surukata tana ƙaunata, ta ba ni maganin tsatsa. Wata uku, biyu kullum. Ban haɗiyi ko ɗaya ba. Ga shi nan duka, bai isa kaɗa miyar gida ɗaya ba. Na ce wa ɗana abin da na ji a ciki, ya ce hancina ya tsufa. To ga naku hancin. Ku faɗa masa."

Ta miƙa tasar ga matar Baba Shekari, shugabar zumunta, wadda ta shinshina sau ɗaya ta miƙa gaba.

"Zogale."

Maman Caleb, da ke zaune kusa, ta lakata ta murza tsakanin yatsu. "Zogale ne, kuma a rana aka shanya shi. Dubi yadda ya koɗe. Wace mara tarbiyya ce take shanya zogale a rana?"

"Ba a ma tsince itacen ba," in ji ta kusa da ita.

"Akwai zoɓo kaɗan. Ku ji tsamin."

Madam Nkiruka mai shagon atamfa ta ɗanɗana, ta tauna, ta tsaya. "Har da yashi. Ni da na sayi kwalba uku."

Tasar ta bi layi biyu, babu wadda ta saɓa. Mercy ta miƙe tana cewa ba a gwada kimiyya da hanci, akwai rubutu a jikin kwalba. Matar Baba Shekari ta ce madalla, a karanta. Aka kira Hope, nas ɗin da ke gwada wa tsofaffin coci jini duk ƙarshen wata. Ta ɗauko kwalba daga teburin Mercy, ta gyara tabarau, ta bi ƙananan rubutun da ke can ƙasa, waɗanda ba a yi su don a karanta ba.

"Sunayen Turanci ne," in ji Hope, "amma ma'anarsu ganyen zogale da zoɓo. Kuma an cika shi ne a wani gida a hanyar Kakau, nan bayan gari."

"Jirgin sama yana sauka a Kakau yanzu?" Mama ta tambayi ɗanta.

Hope ta ƙara da cewa abin nan mai dogon suna gaskiya ne akwai shi, yana cikin ganye da gauta da gwanda da lemo, kuma cin su da motsa jiki suna taimakon mai tsufa. Amma ita ba a koya mata ƙwayar da ke ba da shekara ɗari da ashirin ba. Ta dubi Elisha ta ce ya same ta bayan an tashi, ta daɗe tana son ta ɗaura masa abin awon jini.

Mama ta karɓi tasarta ta rufe. "Gobe za a sare mini zogale uku don a sami wurin sayar da wannan. Shaidata ke nan. Ubangiji ya riƙe ni, kuma da ganyen nan ya riƙe ni." Ta sauka yadda ta hau. Ba wanda ya tsaya a teburin bakin ƙofa, sai Madam Nkiruka, ita ma ba saye ta tsaya yi ba.

Litinin da safe Mama Lydia ta ɗauko kujera 'yar tsuguno ta zauna a gindin zogalen tsakiya, ta jira. Magini ya iso da gatari da diga. Kafin ya sauke su, Mercy ta fito da sauri ta tare shi a ƙofa, ta ce an fasa, ya je za a neme shi. Elisha yana zaune a baranda da ƙwayar hawan jini da Hope ta tura shi asibiti ya karɓo jiya, bai ɗaga kai ba.

Mama ta yi zaton kunya ce ta yi aiki, har ta fara tausaya wa surukarta. Sai Mercy ta zagayo lambu. Ta tsaya tana duban itatuwan daga gindi har sama, irin duban da mahauci yake yi wa sa a kasuwar shanu. Ta taɓa wani reshe a hankali. Ta durƙusa, abin da ba ta yi ba tun satin aurenta.

"Mama, ina kwana. Na ce, in a inuwa aka shanya shi, kwana nawa yake yi?"

"Huɗu. Biyar in da damina."

"Kuma bawon nan da kika zazzage, kin zubar?"

Mama ta dube ta sosai. Ta gane cewa daga yau babu mai tsaron itatuwan nan kamar Maman Favour, muddin tana sa ran cika nata ƙwayoyin da ganyensu. Ta kuma san cewa ganyenta ba zai fita daga gidan nan ba sai ta cikin tukunya. Ba ta ga dalilin faɗin wannan yanzu ba.

"Suna nan a ajiye," in ji ta. "Amma itatuwan ba su ƙosa ba. Suna son taki, suna son ban ruwa. Ɗauko bokiti. Ki ce wa mijinki fartanya tana bayan ƙofa, nas ta ce ya motsa."

"To yaushe za mu fara, Mama?"

"Bari mu ga damina mai zuwa."

Ta tsinki gauta ɗaya, ta goge a zani, ta gatsa. Ta yi niyyar ba da wannan amsa duk shekara, kuma yadda take jin jikinta, tana da daminu da yawa a gaba.