Ciyawar da Attaher Ya Zana

Duk garin Akokan, kusa da Arlit, an san Muktari da haukan hotuna. Mutumin Tahoua ne, ya yi shekaru yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, a wurin haƙar ma'adinai, da aka rage ma'aikata aka sallame shi ya buɗe ɗan butik, wato kanti, a bakin hanya. Wasu awaki suke tarawa, shi kuwa takarda. Attaher, mai shagon hoto a Arlit, yakan ɗauki hoton dutse ko kwari, ya zauna gaban kwamfuta ya yi ta gyara har wurin ya fi kansa kyau, sannan ya buga a takarda mai sheƙi. Ko wanne ya fito sai Muktari ya saya. Sukari kan ƙare a butik, amma bango cike yake.

Wanda ya fi so shi ne na wani kwari a bayan Dannet, mai dutse tsage biyu. Attaher ya zuba masa ciyawa har gwiwa, kore shar, alhali a shekarar nan ta fari ko ƙaya sai an nema. A kwarin nan matarsa Mina take, da 'yarsu Inno, wurin Illi, wan Mina. Tawaye ya yi zafi, hanyoyi duk nakiya, shi ya sa ya tura su can, inda wata tsohuwar rijiya ke ɗan tsatsafo ruwa ba wanda ya sani.

Wata rana da azahar wata mota ta tsaya a ƙofar butik, mutane suka diro da bindigogi, rawani ya rufe fuskokinsu. Ko 'yan tawaye ne, ko ɓarayi, ko makiyayan da fari ya haukata, babu mai tsayawa tambaya. Shayi da taba suka zo kwasa. Babbansu, wani dogo busasshe, ya ɗaga kai ya ga hoton, ya tsaya cak.

A jejin nan, in ka haɗu da mutum ka tambaye shi inda aka yi ruwa, dole ya faɗa maka, ko maƙiyinka ne. Ɓoye labarin ciyawa ya fi sata muni. Dogon ya ce raƙumansa suna mutuwa a tsaye, ga wani Bahaushe ya rataye wurin kiwo a bango ya yi shiru.

"Ina wurin nan yake?"

Muktari ya ce, "Shef, shugaba, wallahi ƙarya ta. Inji na ya zuba koren, babu ko ganye guda."

"Hoto ba ya ƙarya," in ji dogon.

Gindin bindiga ya sauka a bakin Muktari, haƙora biyu suka faɗo cikin buhun gero. Suka ja shi waje, suka kwantar da shi a kan yashi mai zafi, ɗaya ya take masa wuya. Maƙwabta suka rufe ƙofofi. Ya rantse da Allah, ya rantse da kabarin uwarsa, ya ce a je a tambayi Attaher, duk a banza. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma ba na dukan ba. Ya san in ya faɗi sunan kwarin, ba ciyawa za su tarar ba, Mina za su tarar, da rijiyar da aka ɓoye musu.

Suka ɗora hannunsa na dama a kan dutsen niƙa, suka farfasa yatsun ɗaya bayan ɗaya da ƙarfen taya. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Ya ce Mali ne, ya ce Aljeriya ne, ya ce aljanna ce. Dannet dai ba ta fito daga bakinsa ba.

Sai wani tsoho a cikinsu, da bai taɓa shi ba ko sau ɗaya, ya fito daga butik riƙe da hoton, yana kallonsa a natse kamar mai sayen doki. Ya sa yatsa a kan tsagar dutsen.

"Ku bar shi haka. Na san wurin, na yi kiwo can ina yaro."

Suka hau mota suka nufi kudu. Muktari ya ja ciki har bakin kwalta yana roƙon duk motar da ta zo wucewa ta kai shi kwarin, amma ba direban da zai shiga wannan hanya, waya kuma ba ta kai can.

Ranar kasuwar da ta biyo, yana zaune da hannu a naɗe, aka koro wasu ramammun raƙuma ta gaban butik. Ya gane alamar wutar gidan Illi a wuyansu. Ya miƙe yana leƙen bayan garken, ko zai ga mace da yarinya. Masu korar duk baƙi ne, kuma ba kowa a bayansu.