Ledar da na shimfiɗa a kan teku

Aikina shara da goge-goge a ofishin masu binciken teku. A ɗakin ƙarshe akwai wani ƙaton baho cike da ruwa, yana juyawa a hankali, fanka tana hura samansa. Anti Doguwa, ɗalibar da ke kula da shi, ta ce min bahon ƙaramin teku ne, fankar kuma iska. In ta ɗiga tawada sai ka ga ruwan yana murɗewa, 'yan guguwoyi suna zagaye. Su take aunawa da wayoyin da ke gindin bahon, ta kwatanta da lissafin kwamfuta.

Ran Talata ina goge ƙofa na ji Farfesa, malaminta, yana mata faɗa.

"Kwamfuta ta ce guguwoyin nan su daɗe, naki kullum da rana sai su mutu. Tekun ma cin abinci yake tafiya? In da ka kika cika takardun nan, zan cire sunanki daga masu gamawa bana."

"Wallahi Farfesa, abin da ya fito na rubuta."

Nan take na tuna da ledata. A gidanmu ba a barin ruwa a buɗe. Wata huɗu ke nan, duk sanda suka fita cin abincin rana nakan shimfiɗa leda a kan ruwan don kada ƙurar tsintsiyata ta faɗa ciki, in ɗauke kafin su dawo.

Ni da ko gaisuwa sai ƙasa-ƙasa nake yi, na ji bakina ya buɗe.

"Ranka ya daɗe, ni ce nake rufe shi."

Sai da na maimaita sau biyu kafin suka gane.

"Ledar tana taɓa ruwan?" in ji Farfesa.

"Tana kwanciya a kai."

Ya laluba kujera ya zauna. Anti Doguwa ta zuba min ido.

"Wata huɗu, ƙanwata? Sau uku ina canza wayoyin nan."

Farfesa ya ce in ɗauko ledar in yi yadda na saba. Na shimfiɗa. Iskar fanka ta daina samun ruwan, muna tsaye tawadar ta rage murɗewa, guguwoyin suka baje ɗaya bayan ɗaya.

Can Farfesa ya juya wurin Anti Doguwa. "Ki yi haƙuri. Sunanki yana nan. Amma awon rana duk sai an sake."

Ni kuwa ya karɓi makullin ɗakin, ya ce in ci gaba da sauran ofisoshin. Anti Doguwa ba ta amsa gaisuwata ba sai bayan sati biyu.