Waiwayen Hagu

Jarkoki da aka yanke gida biyu, igiya, toka a leda don zana layin koyon tuƙi, da ƙunshin riguna masu ɗaukar ido. Duk an ɗaure su a bayan mashin. Othniel na matse tsakanin kayan da bayan kawunsa Shekari, har sun wuce Palladan.

Othniel ne mai koyarwa a ƙungiyar 'yan acaba ta unguwarsu. Ya yi shekaru a Legas yana kai saƙon kamfani a kan mashin, can ya koyo abin da yake koya musu duk Asabar: haɗa birkin gaba da na baya, barin tazara, da waiwaye kafin a canja hannu. Wanda ya ci jarrabawa ana ba shi riga. Tun da aka tilasta hular kwano a farkon shekara, firamaren unguwar ta ce mai riga kaɗai zai ɗauki yara a ƙofarta. Shekari kuwa sana'arsa ke nan, kai yara da ɗauko su, har da Ƙauna, 'yar Othniel. Wannan tafiya daga Samaru zuwa Sabon Gari ita ce jarrabawarsa.

"Malam, na ci ko na faɗi?" Shekari ya ce ta cikin iska. "Ka yi gum kamar mai zuwa ta'aziyya."

"Duba hanya, Kawu."

"Ji yaro! Ni da na koya maka sa giya kana majina."

Gaskiya ya faɗa, kuma tuƙinsa ba abin kushewa. Madubai biyu na nan, bai cire ba kamar sauran. Sigina a kan lokaci. Bai manne wa bayan kowa ba.

A Kwangila wata bas ta ci birki a gabansu tana sauke fasinja. Shekari ya kunna sigina. Ya waiwaya hagu, haɓa a kan kafaɗa, daidai yadda aka koyar. Tankar mai na tahowa ta wannan hannun, ta matso har Othniel na iya karanta rubutun da ke goshinta.

Shekari ya shiga gabanta.

"Kawu!"

Tsohon ya matse birki biyu lokaci guda. Mashin ya tsaya cak, bai zame ba. Tankar ta shige tana hon, iskarta ta bugi gwiwar Othniel. Jarka ɗaya ta suɓuce, tayar bayan tankar ta markaɗe ta. Karen motar ya leƙo ya watsa musu daƙuwa.

Shekari ya yi dariya. "Ka ga birki ko? Sa mini maki."

Wanda bai waiwaya ba, Othniel ya san maganinsa, sai a maimaita masa darasi. Wannan ya waiwaya. Ya kalli tanka, ya shiga.

"Bi hannun dama, Kawu. Kada ka ƙara wuce kowa."

Da suka doshi PZ, Othniel ya miƙa hannun hagu a hankali ta gefen hular kawunsa, ya kaɗa yatsu dab da fuskarsa. Shiru. Ya sake kaɗawa. Tsohon na kallon gabansa. Othniel ya miƙa na dama, ko gama buɗe tafin bai yi ba.

"Me kake nuna mini?"

"Ba komai."

Shagon ƙungiya na bayan kasuwa. 'Yan acaba sun cika ƙofa suna jiran rabon riguna. Celestine, sakatarensu, ya hango su ya ɗaga murya: "Baba Shekari, yaya? Yaron naka ya yi maka adalci, ko mu kai ƙara?" Aka kwashe da dariya. Othniel ya kwance ƙunshin rigunan ya shige ciki, kawun ya bi shi.

"Tun yaushe idon hagun?"

"Wane ido?"

"Ka kalli tanka ka shiga gabanta, Kawu. Na kaɗa maka hannu har sau biyu."

Shekari ya cire hular kwano ya ajiye a kan benci. Ya daɗe yana shafa kai.

"Tun damina. Kamar gilashin da aka shafa wa mai. Mai kemis ya ce yanar ido ce. Na dama garau yake."

"Mama Dinatu ta sani?"

"Matata ba ta da abin yi da wannan. Kai, me ka ɗauka ya kawo ni makarantarka da furfurata? Don in cike gurbin na zo. Kuma na cike, ka ga birkin."

"Don na yi ihu ne. Yara ba su san lokacin ihu ba."

"In ka raba ni da yaran nan me zan ɗauka? Fasinja ba ya tsai da tsoho." Ya rage murya. "Ɗana, ba ni rigar. Ana yin hutu zan je asibiti. Wa zai sani?"

Othniel ya dubi ƙunshin da ke hannunsa. Abin da yake gani shi ne ƙafafun yara suna reto a gefen mashin, da takalman makaranta.

Celestine ya leƙo. "Malam, jama'a fa suna jira. Wace lamba za a ba Baba?"

"Ina zuwa."

Othniel ya tura ƙofa ya rufe, ya sa sakata.

"Babu riga, Kawu. Ranar Litinin ni zan kai yaran, daga nan mu wuce asibiti. Yau ma ni zan tuƙa mu gida."