Burushin Mai Aski

Mai aski ya ƙara jan hular ɗansa har ta rufe kunnuwa, ya zaunar da shi a ƙarshen bencin asibiti, nesa da mutane. Yaron yana ta kai hannu zai sosa kai, uban yana buge hannun.

Wata guda ke nan da makero ya fito wa yaron. Ɗan mai aski da makero. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da ciwon ya fara yawo a layinsu, shi ne ya kori ɗan tela daga shago a gaban jama'a saboda ya ga makero a kansa. "Je ka ce wa babanka ya dinga yi maka wanka," ya ce, aka yi dariya. Tun ranar tela bai sake amsa gaisuwarsa ba.

Mai aski ya ɗaga kai ya duba layin ganin likita. Yara uku ne a gabansu, kowanne da farin tabo a ka. Sai idonsa ya faɗa kan ƙeyarsu. Layin askin nan mai ɗan lanƙwasa ta bayan kunne, babu mai fitar da shi sai hannunsa. Ya sunkuyar da kai har aka kira su.

Likita ta cire hular, ta haska fitila.

"Me kuka shafa masa?"

"Wani mai ne na ƙaiƙayi. Da farko har ya lafa."

"Ya lafa a ido. Man nan garkuwar fatar yake sa wa barci, shi kuwa ciwon ya samu fili. Ka san funfunar da ke fitowa a burodi idan ya kwana biyu a leda? To, danginsu ɗaya. Abu ne mai rai, gashi yake ci da matacciyar fata. Wa yake masa aski?"

"Nan unguwa ne," in ji mai aski.

"Baba ne," in ji yaron.

Likita ba ta ɗago ba, ta ci gaba da duba kan. Gara ma a ce ta harare shi.

"Ina ƙona bakin injin askin, likita. Kowane kai sai na zuba sifirit na kunna wuta. Kowa shaida ne."

"Burushin kakkaɓe gashi fa?"

Mai aski ya tuna da burushin. Burushin maigidansa ne da ya koya masa sana'a, mai laushi, mai mariƙin katako. Bai taɓa sa masa ruwa ba don kada gashin ya lalace. Da shi yake shafa wa kowane yaro hoda a wuya, yana yi musu cakulkuli suna dariya.

"Ƙwayoyin suna iya yin watanni a cikinsa," ta ce. "Ku manya maiƙon kanku yana kare ku, shi ya sa ba ka ga komai a jikinka ba. Na yara bai kai ba tukuna. Magani zai sha na makonni. Hular nan kuma a wanke ta da ruwan zafi."

A cikin mota yaron ya yi barci a cinyarsa. Da suka sauka, mai aski ya tsaya a bakin layi. Akwai hanya ta baya, wadda suka bi da safe. Daga inda yake tsaye yana jin ƙarar keken ɗinkin tela.

Ya cire hular daga kan yaron, ya cusa ta a aljihu.

"Baba, za a gani."

"Na sani. Mu je."

Suka tsaya a ƙofar tela. Keken ya yi shiru. Tela ya dubi kan yaron ta saman tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ina ɗan naka?" in ji mai aski. "Gobe da safe zan koma asibiti. Ni zan kai shi."